Amsa: Me ya sa makami mai linzami na Iskander ɗin Aljeriya bai kai na Rasha nisa ba?

Malam, ka tambaya ko Rasha ta ha'inci Aljeriya ne da ta sayar mata da Iskander mai gajeren zango. A'a, da gangan aka rage shi. Iskander-M da sojojin Rasha ke amfani da shi yana kai kusan kilomita 500, amma Iskander-E na kasuwar waje kilomita 280 ne iyakarsa.

Dalili shi ne tsarin MTCR, wato na taƙaita yaɗuwar fasahar makamai masu linzami, da ƙasashe bakwai masu arzikin masana'antu suka kafa a 1987, Rasha ta shiga a 1995. Ƙa'idarsa ita ce a guji sayar da makamin da zai iya ɗaukar kilo 500 ya kai kilomita 300, don irin wannan zai iya ɗaukar kan nukiliya. Shi ya sa masu ƙera makamai ke tsayawa daf da layin, kamar mai auna hatsi da ba ya son mudu ya zube. Ko makami mai linzami na ATACMS na Amurka bai wuce kilomita 300 ba.

Amma fa MTCR ba yarjejeniya ce mai hukunci ba, alkawari ne kawai tsakanin mambobi. Sin ba mamba ba ce, Iran da Koriya ta Arewa kuwa ko oho. Koriya ta Arewa ma daga makaman Scud da ta samu ta hannun Masar ta fara ƙera nata, ga shi yanzu makaminta na KN-23 ne Rasha ke harbawa a Yukiren. Ita kanta Rasha ta bai wa Belarus Iskander-M cikakke a 2022, ba tare da rage masa zango ba.