Muryar Anti kan rufe wasiƙar neman sikolashif

Ga muryar da Anti ta turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda masu cewa ba ta buɗuwa a wayarsu.

Assalamu alaikum mutanen gida, an wuni lafiya, ya sanyi. Ƙanena na ga wasiƙar da ka turo gurup tun da rana, lokacin ina makaranta ba halin in tsaya, ko a Keke da muka biyo ta Ƙofar Ƙaura na so in duba sai caji ya ƙare, to yanzu dai na zauna na karanta ta sau biyu. Jikin wasiƙar ya yi wallahi, inda ka yi bayanin karatunka da aikin da ka yi lokacin bautar ƙasa duk ba laifi. Gyaran yana can ƙasa, layi ukun nan na ƙarshe da kai ma ka ce ba ka natsu da su ba. Ka rubuta "I wish you will consider my application", sannan "I expect your positive response", sai ka rufe da "I am looking forward to hear from you". Duk ukun sai an taɓa su. Kuma da gangan na yi maganar a nan ban kira ka ba, don akwai ƙannenka masu WAEC bana, su ma su saurara.

To mu fara da wish ɗin nan. Ka ajiye Turanci gefe tukuna, ka dawo Hausarka. In na ce maka ina fata ka zo bikin, da in na ce ina ma ka zo bikin, ɗaya ne? Ai ba ɗaya ba ne. Na farko ina sa rai, ƙofa a buɗe take. Na biyu kuwa na riga na fidda rai, biki ya wuce ko na san ba zuwa za ka yi ba, takaici kawai nake faɗa. To haka Bature ya raba su, hope shi ne ina fata, wish shi ne ina ma. Shi ya sa aikatau ɗin da ke bin wish yake komawa baya kamar abin ya wuce, "I wish I had a car", ina ma ina da mota, ma'ana ba ni da ita. Kai kuma ba ka fidda rai da sikolashif ɗin nan ba, neman shi kake, don haka "I hope you will consider my application" shi ne naka. Bayan hope ko ka sa will ko ka bar aikatau ɗin a lokacin yanzu, "I hope the committee finds my application suitable", duk biyun daidai ne. Ko da ka gyara naka ya zama "I wish you would" ma bai tsira ba, don wannan ƙorafi ne, kamar ka ce wa mutum da ma dai ka riƙa amsa waya in an kira ka.

Amma kar wani ya je ya ce Anti ta haramta wish a wasiƙa, a'a. Wuri biyu yana zama daram. "I wish to apply for", wannan ina so ne cikin ladabi, kuma ka yi amfani da shi daidai a layinka na farko. Sai na addu'a, "I wish you success", wato wish, sai mutum, sai sunan abin da kake mashi fata. Shi ke nan.

Yauwa, sai expect, kuma shi ne ya fi damuna a cikin ukun, don nahawunsa ba kuskure, babu malamin da zai ja mashi jan biro saboda tsarin jimla, amma wanda zai karanta can zai ji wani iri. Mu an koya mana expect shi ne tsammani, sai muka tsaya nan. Alhali in ka ce wa mutum "I expect" game da abin da shi zai yi, akwai ƙamshin umarni a ciki, kamar haƙƙinka ne dole ya sauke. Shugabar makaranta ce ke rubuta wa malamai "I expect all staff to be present", uba ke faɗa wa ɗa. Ka ɗauka ka je gaban hakimi neman alfarma, ka durƙusa ka kwashi gaisuwa, sai ka ce ranka ya daɗe ina jira a yi mani kaza kuma amsar ta zama e. Ka ga ai ka ɓata rawarka da tsalle. To haka "I expect your positive response" yake a kunnen furofesan da bai taɓa ganinka ba. Inda expect yake da kyau shi ne in a kanka kake magana ko kan lokacin da aka riga aka tsayar, "I expect to receive my transcript in March", ina sa ran karɓar takardar sakamakona a watan Maris, wannan lafiya lau, don ba wanda ka ɗora wa nauyi. In roƙo za ka yi kuwa, ga wanda ba ya tsufa, "I would be grateful if you could", ka lura would a gaba could a baya, tare suke tafiya.

Na ukun kuma, shekara nawa ina koyarwa, kusan kowane aji sai na yi faɗa a kansa. "Look forward to hear". Na san inda abin ya samo asali, an ce maku bayan to aikatau tsirara yake zuwa, to go, to eat, to hear, kuma gaskiya ne a wurare da yawa. Amma to iri biyu ne. Na cikin look forward to irin na "to Daura" ne, irin na "to the market", yana nuna inda aka dosa, don haka suna yake nema a bayansa, in kuma aikatau za ka sa sai ka manna mashi ing ya zama kamar suna. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina, ka cire aikatau ɗin ka sa it. "I look forward to it" ya zauna ko? To ing ne. "I hope to it" fa, ka ji ko a baki ba ya faɗuwa, to wannan tsirara yake so, "I hope to hear from you". Irin su committed to da with a view to duk ing suke ɗauka. Kuma a wasiƙar ofis "I look forward to hearing from you" ya fi "I am looking forward" nauyi, na biyun ya fi dacewa da aboki.

Ƙananan abubuwa da sauri. Await ba ya ɗaukar for, ko "I await your reply" ko "I am waiting for your reply", kar a haɗa. Hopefully a farkon jimla, su kansu masu harshen sun daɗe suna gardama a kai, kamfanin labarai na AP a Amurka sai 2012 ya yarda da shi a littafin ƙa'idar rubutunsa, ni dai shawarata a bar shi a hira, a wasiƙa a rubuta I hope that.

Sai "by God's grace" da na gani a tsakiya. Ƙanena na san daga zuciya ta fito, mu ba ma faɗin abin gobe ba mu ce in sha Allah ba, kuma haka ya kamata. Amma wasiƙar nan Ingila za ta, ga kwamitin da ba su saba ganin haka a takardar neman gurbi ba. Ka faɗe ta da bakinka lokacin da za ka danna tura, Hajiya ma tana ta addu'a, a takardar kuma ka cire.

To ga yadda nake so ƙarshen ya zama, ɗauko biro. "I would be grateful if you could consider my application. Thank you for your time. I look forward to hearing from you." Tunda da Dear Sir or Madam ka buɗe, Yours faithfully za ka rufe, in ka samo sunan mai karɓa ka sa shi a sama sai ya koma Yours sincerely, Y babba, kalma ta biyu ƙaramin harafi, sai waƙafi.

Ka gyara ka sake turo mani gobe kafin azahar, ina da fili bayan darasi na huɗu, kuma ka haɗo da ɗaya takardar ta bayanin kanka, ita ban gani ba har yanzu. A gaida su Hajiya, sai da safe.