Fim ɗin likitan dabbobi ya dace da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun matsa sai sun kalli fim ɗin likitan nan mai magana da dabbobi. Ya dace da su? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Doctor Dolittle ke nan, amma ki duba shekarar kafin a tura miki a waya. Na 1967, wanda Rex Harrison ya fito, shi ne mai waƙoƙi, inda aku ke koya wa likitan harshen dabbobi. Na 1998, na Eddie Murphy, yana da barkwancin da bai kamaci ƙanana ba. Matsalar tsohon ita ce tsawo: kusan awa biyu da rabi, da Turanci, labarin kuma tafiyar hawainiya yake yi, yara kan ƙosa. Ki raba shi kwana biyu, ki zauna tare da su kina fassarawa.