Tsohuwar bindigar kaka da harsasanta

Malam mai tambaya daga Zuru, ka ce kun tsinci bindigar Lee-Enfield ta kakanku tun yaƙin Bama da ragowar harsasai, kana son sanin ko za su harbu lafiya. Don Allah kada ka gwada.

Harsashinta .303 ne (awon kaurinsa ke nan a inci), galibi samfurin Mark 7 na 1910 mai garin harbi da ake kira kodayit. Idan ya shekara tamanin cikin zafi da laima, yakan yi jinkirin tashi: ka danna kunama shiru, sai ka buɗe ya fashe a fuska. Hular da ke gindin harsashin, mai tayar da shi, kuma tana barin gishiri mai cin cikin bututu, shi ya sa za ka leƙa ka ga tsatsa ta yi ramuka. Duba wuyan kwanson tagullar ma, sau da yawa ya tsage, ko kore ya hau shi.  Harsashin 7.62 na sojan yanzu ba nata ba ne sam.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai .303 cikin haramtattu. Kada ka ɗauke ta ka fita, sanar da 'yan sanda su zo su karɓa.