Kun Tambaya: Idan Wuta Ta Ɗauke Ana Tsakiyar Dusar Ƙanƙara

Yawancin wasiƙun wannan wata daga 'yan'uwa mazauna ƙasashen sanyi suka zo, wasu ma wannan ne sanyinsu na farko a can. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Mun iso a watan Agusta, ni da maigida da yara uku, ƙaramin watansa bakwai. Maƙwabta sai cewa suke mu tanadi kayan kwana uku kafin sanyi ya kankama. Wane irin kaya ke nan? — Maman Sadiƙ, Winifeg, Kanada

Maman Sadiƙ, barka da zuwa. Abin da suke nufi shi ne gidanku ya iya riƙe kansa sa'o'i 72 ba wuta, ba zuwa kanti, wataƙila ba ruwan famfo, domin idan guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi masu agaji kan ɗauki kwanaki kafin su kai ga kowa. Kwana ukun ma mafi ƙaranci ne. A watan Janairun 1998, ruwan ƙanƙara ya karya turakun wuta a lardin Kebek da gabashin Ontariyo, wasu garuruwan suka yi makonni a duhu.

Ki fara da ruwa: lita 4 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da ɗan tsafta. Ku biyar ne, kwana uku, lita 60 ke nan. Idan jaririn yana shan madarar gwangwani ki ƙara, kuma ki ajiye 'yan kwalaben madarar jarirai ta ruwa da ake sayarwa a dame, a rufe, don ranar da babu abin tafasa ruwa. Kada a ajiye ruwan a gareji ko baranda, zai daskare ya fasa jarkar. Idan bene mai hawa da yawa kuke, ki sani famfon lantarki ne ke tura ruwa sama. Da an yi gargaɗin guguwa ki cika bahon wanka don zuba wa masai, amma ki kulle ƙofar bayin saboda yara.

Abinci kuwa, wanda ba ya neman wuta ake so, kuma a nan mun fi Turawa sa'a: garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, zuma, kifin gwangwani, biskit. Buhun shinkafa ba zai yi miki komai ba idan murhunki na lantarki ne. Ki haɗa da mabuɗin gwangwani na hannu. Shi aka fi mantawa. Sai tocila biyu ko uku da batura na ajiya, fawabank a cike, ƙaramar rediyo mai batir, maganin kowa na mako guda, kunzugun jariri, da 'yan kuɗi a hannu don na'urar kati ba ta aiki ba wuta. Kyandir ki bar shi a matsayin na ƙarshe, gida mai yara uku.

Firij idan ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. Mai ciwon sukari da ke amfani da allurar insulin kada ya kai ta waje wai don ta yi sanyi: idan ta daskare ta lalace.

Abu ɗaya game da Winifeg ɗin kanta. Idan iska ta sa sanyin da jiki ke ji ya kai digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Wanda ya yi alwala ya tsane fuska da kunnuwa da hannu sosai kafin ya fita. Idan yatsu ko kunne suka yi fari, suka yi tauri, suka daina ji, a tsoma su a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Ba a murzawa, ba a kai su bakin hita, domin fatar da ta mutu da sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba.

Mun ji jiki a sanyin 2021, shi ya sa bana na sayi janareto. Ina so in kunna shi a gareji in bar ƙofar a ɗage, gudun ɓarayi da jiƙewa. Kuma idan ta kama, zan iya ɗumama falo da murhun gas ko gawayin gashi? — Malam Habu, Hustan, Amurka

Malam Habu, amsar duka biyun a'a ce, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan.

A guguwar Fabrairun 2021 da ka ambata, gidaje miliyoyi a jiharku ta Tekzas sun rasa wuta, hukumar lafiya ta jihar kuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Akasarinsu sanyi ne ya kashe, amma akwai waɗanda abin da suka kunna don korar sanyin ne ya yi ajalinsu: janareto, gawayi, ko mota da aka bari tana aiki a gareji. Duk abin da ke ƙona mai ko gas ko gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini tana kama jajayen ƙwayoyinsa da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙa fiye da sau 200, sai jiki ya rasa iska alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci. Wanda ya taso a ƙasarmu zai ce zazzaɓi ne ko gajiya, ya haɗiye farasitamol ya kwanta, kuma kwanciyar ita ce matsalar. Abin lura shi ne idan mutanen gida da yawa suka kamu a lokaci guda, ko kuma sauƙi ya samu da an fita waje. To, a fice gaba ɗaya, a kira lambar agajin gaggawa 911 daga waje, kada a tsaya neman inda take fitowa.

Ɗage ƙofar gareji ba ya wadatarwa, hayaƙin yana taruwa ya bi ƙofar ciki ya shiga gida. Janareto waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga gida, salansa na kallon nesa da tagogi da ƙofofi, har da na maƙwabci. Maganin ɓarawo sarƙa da kwaɗo. Maganin jiƙewa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ana sayar da waɗanda aka yi don haka. Ka kashe shi ya huce kafin ka ƙara mai. Kada ka kuskura ka cusa wayarsa a soket ɗin bango don ya ba gida duka wuta, irin yadda wasu ke yi a ƙasarmu. Wutar tana komawa layin titi, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Ko ka ja waya mai kauri kai tsaye zuwa firij da hita, ko ka sa mai lasisin aikin wuta ya haɗa maka makunnin sauya layi.

Ka sayi ƙararrawar gano wannan iska, mai batir, ɗaya a kowane hawa, ɗaya kusa da ɗakunan kwana. Daban take da ta hayaƙi, sai dai in mai haɗe biyun ce. A nan za mu ɗan yi wa iyayenmu mata tsegumi: gidaje nawa aka cire wa ƙararrawa batir saboda turaren wuta yana tayar da ita? A mayar. Kaskon turare na lantarki ya fi dacewa da gidan da aka toshe ko'ina.

To yaya za a yi da sanyin? Ka fara sanin cewa injin ɗumama gida mai amfani da gas shi ma yana tsayawa idan wuta ta ɗauke, domin fankarsa da na'urar kunna shi lantarki suke ci. Don haka dabarar ita ce rage wurin da ake ɗumamawa. Ku tattaru a ƙaramin ɗaki guda mai ƙarancin tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a rataya bargo a taga da dare, a yaye da rana idan hasken rana na shigowa. In akwai tantin yawon daji, a kafa shi a tsakar ɗakin a kwana ciki, ɗumin jiki yana taruwa sosai. Tufafi hawa-hawa, marasa matsewa, da hula da safa. Ulu ya fi auduga, don auduga idan ta jiƙe da zufa sanyi take ƙarawa. A ci abinci, a sha ruwa, jiki da abinci yake yin zafi. Hitar lantarki idan da janareto: mita ɗaya tsakaninta da labule ko katifa, kuma a kashe kafin barci.

Ka sa ido kan tsofaffi da jarirai. Zafin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 na Salshiyas an shiga haɗari: kakkarwa, sarƙewar harshe, ruɗewa, gyangyaɗi. Jariri fatarsa kan yi sanyi ya yi laushi ya ƙi kama nono. Wanda ya daina kakkarwa alhali bai ɗumama ba, ba sauƙi ya samu ba, abin ne ya tsananta. Birane kan buɗe cibiyoyin fakewa daga sanyi a irin wannan lokaci. Ka san ta kusa da kai tun yanzu, tun hanya na biyuwa.

Zan je gida hutun Disamba na mako huɗu. Kuɗin gas ya yi yawa, ina so in kashe hitar gidan gaba ɗaya. Da matsala? — Wata ɗaliba, Lids, Ingila

Da matsala, ƙanwata, kuma tsadarta ta fi ta gas ɗin. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, matsin da ke taruwa a bututu ya tsaga shi. Ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya yi ta kwarara daga silin kwana da kwanaki babu kowa a gida. Ki bar ma'aunin hitar a digiri 12 zuwa 13. Ki nemo babban makullin ruwan gidan, a Ingila galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, ki gwada shi yanzu domin yakan cije idan ya daɗe ba a taɓa ba. Ranar tafiya ki rufe shi, ki buɗe famfunan ruwan sanyi su tsiyaye, amma ki tambayi mai gidan tukuna ko irin tukunyar hitarku tana jure haka. Ki duba takardar haya, da yawa suna da sharaɗi kan barin gida ba ɗumi ko ba kowa. Ki ba wani amintacce makulli ya riƙa leƙawa.

In kin dawo kin buɗe famfo ba ruwa, bututu ya daskare: ki bar famfon a buɗe, ki ɗumama bututun da na'urar busar da gashi ko tawul mai ɗumi, ki faro daga bakin famfo ki yi baya. Harshen wuta kada ya je kusa. Lambar kai rahoton ɗaukewar wuta a Ingila 105 ce, kyauta.

Ina tuƙin kai kaya da dare. Me zan ajiye a mota? — Ɗanjuma, Bafalo, Amurka

Ɗanjuma, garinku ya ga abin da idonsa a Disamban 2022, lokacin da guguwa ta kashe mutum fiye da 40 a yankin, wasu a cikin mota, wasu a kan hanya bayan sun bar motar. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon sanyi. A cikin motar, ba a but kaɗai ba don yakan daskare ya ƙi buɗuwa, ka ajiye bargo, hula, safar hannu, ruwa, dabino, tocila da cajar waya. A but kuma ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, wayar tayar da batir, da buhun yashi don taya ta samu abin kamawa.

Idan ka maƙale, ka zauna a motar, sai in ga gini nan kana ganinsa kusa. Ka kunna inji minti 10 a kowace awa, ka sassauta gilashi kaɗan, kuma kafin kowace kunnawa ka fita ka tone bakin salansa. Idan dusa ta toshe shi hayaƙin cikin mota yake dawowa. Idan hukuma ta hana tuƙi, ka ajiye aikin.

Mu nan babu dusar ƙanƙara, amma hunturu na yi mana tsanani. Surukata ta haihu, muna sa mata kaskon garwashi a ɗaki da dare. Akwai laifi? — Hajiya Inna, Jos

Hajiya, Allah ya raya. Iskar da muka yi wa Malam Habu bayani ita ce dai ke fita daga garwashi, ko da ya yi ja ya daina hayaƙi, kuma jariri ya fi babba saurin kamuwa. Ɗakin mai jego a hunturu an toshe taga, an saki labule, an rufe ƙofa, wato iskar ba ta da mafita. Idan za a yi amfani da kasko, a hura shi a tsakar gida, a ɗumama ɗakin ƙofa da taga a buɗe, wani na zaune yana kallo, sannan a fitar da shi tun kafin kowa ya kwanta. Abin da ya fi shi aminci shi ne a ɗumama shimfiɗa da kwalbar ruwan zafi da aka naɗe da zane, a cire ta kafin a kwantar da jariri, a sa masa tufafi hawa biyu ko uku da safa, ba tare da an rufe masa fuska ba. Janareto ma haka: ba a zaure, ba a soro, ba a ƙarƙashin tagar ɗaki. Idan mai jegon ta farka da ciwon kai da jiri, ko jaririn ya yi barcin da ya ƙi tashi shan nono, a fitar da su iska nan take a wuce asibiti, kuma a gaya wa likita cewa an kwana da garwashi a ɗakin.