Amsa ga mai mangazar wake: takarda a ƙofa ba ta isa ba

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce kana sa wa waken mangazarka magani a nan Maradi, kana tambaya ko manna takardar gargaɗi a ƙofa ya wadatar ga ma'aikata da ƴan kwangila. Gaskiya bai wadatar ba. Na daɗe ina kula da mangaza. Rubutun jikin magungunan nan da Faransanci yake ko Ingilishi, musamman masu shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, alhali yawancin ƴan dakonmu ba su karanta ko ɗaya.

Ni gwangwanin nake ɗaukowa, in tara su kafin a fara aiki, in ɗora yatsa kan alamun nan masu jan gefe. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa: ko kaɗan ne yana kisa. Harshen wuta: yana kamawa. Ruwa na ɗiga a hannu: yana cin fata da ido. Sai in sa ɗayansu ya maimaita da bakinsa, don in ka ce "kun gane?" kowa "e" zai ce saboda kunya.

Ƙwayar Phostoxin, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, ta fi tayar mini da hankali. Da ta sha danshin iska sai ta soma fitar da gas mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma warin ba abin dogaro ba ne. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, tsagar bango ma bi yake. Yaranka na kullum sun san ɗakin da aka sa wa magani. Amma mai waldar da ka kira gyaran ƙofa fa? Ko direban da ya iso cikin dare yana neman inda zai miƙe? Su ne abin ji, gas ɗin kuma yana kama wuta. Kada ka tsaya ga ubangidansu, sau da yawa karɓar kwangila yake ya turo yara. Duk wanda ya tako, a gaya masa shi kansa, da Hausa. A datse ɗakin da kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya, a rubuta ranar sawa da ranar buɗewa. Mai gadi kuma kada ya kwana a jikin bangon.

Don Allah a daina juye piya-piya cikin kwalbar lemo.

Su san alamun shaƙa: ciwon kai, jiri, amai, ƙirji ya ɗaure. A fitar da mutum sarari, a nufi asibiti da gwangwanin a hannu, ko da ya ce ya ji sauƙi. Ban da ɗura masa madara ko manja, ban da sa shi amai. Ka nemi takardar bayanin magani wurin dillali, wadda ake ce wa FDS. Sashe 16 gare ta, na 4 shi ne na taimakon gaggawa.

In da hali, ka gwada buhun PICS mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, na nan Maradi suka yi aiki a kansa. In aka ɗaure shi da kyau, rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an sa magani ba.