Ku Tambayi Likita: Bayansa ya riƙe bayan wata biyar da dashen hanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Maigidana aka yi wa dashen hanta a Indiya yau wata biyar kenan, ciwon hanta na B ne ya cinye tasa, ƙaninsa ya ba shi ɓangare. Alhamdulillahi ido ya washe kumburin ciki ya tafi, to satin da ya wuce ya sunkuya zai ɗau jarkar ruwa kawai sai ya ji bayansa ya ce ƙas, tun daga nan ko sallah a zaune yake yi. Yayarsa ta ce a kira mai ɗori, wasu kuma sun ce ƙwayoyin ne suka yi masa yawa ya rage. Wallahi na rasa ta cewa.
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, shi kuma ƙanin Allah ya saka masa da alheri. Tun kafin na yi nisa, dan Allah kar a bari kowa ya murza bayan nan ko ya ja shi, kuma kar ya rage ƙwaya ko ɗaya da kansa. A kai shi asibiti a satin nan a ɗau hoton ƙashin baya, don abin da kika faɗa ya yi kama da ƙashin gadon baya ne ya lotsa. In kuma ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba ya jiran gobe.

Abin da mutane ba su sani ba, ƙashin ya fara laushi tun kafin a je Indiya. Hanta ce ke fara sarrafa bitamin D kafin ƙoda ta ƙarasa, to mutum ya yi shekaru hanta na ciwo, ba cin kirki, kullum a kwance, ina ƙashi zai samu ƙwari? Sai kuma aka yi dashe aka ɗora shi kan prednisolone da tacrolimus don kar jiki ya ƙi sabuwar hantar, shi prednisolone ɗin nan yana hana jiki gina sabon ƙashi kuma yana rage kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, da hanji ke zuƙa. Shi ya sa wata 3 zuwa 6 na farko ƙashi ya fi zaizayewa, karaya kuma ta fi yawa a shekarar farko, galibi gadon baya da haƙarƙari, wani tari kawai zai yi haƙarƙari ya tsage. Masu cewa ƙwaya ce suna da 'yar gaskiya, amma in ya daina sha hantar ƙanin nasa ce za ta tafi a banza, likitocin da suka yi dashen su kaɗai ke rage ta a hankali. Kuma ki kwantar da hankali, in hanta ta kama aiki aka rage maganin, ƙashin kan fara farfaɗowa.

Ki roƙi a yi masa awon ƙwarin ƙashi da ake kira DEXA, in maki ya kai -2.5 ko ƙasa to ya yi laushi sosai, a auna bitamin D ma. Yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1000 zuwa 1200 a rana, abinci da ƙwaya a haɗe. Akwai maganin ƙarfafa ƙashi mai suna alendronate da ake sha sau ɗaya a sati da sassafe kafin karin kumallo, da ruwa kofi cike, ba a kwanciya sai an yi minti 30, akwai kuma na ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, amma sai an duba ƙodarsa da haƙoransa tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Kar a sayo masa diclofenac ko ibuprofen, in suka haɗu da tacrolimus ƙoda ce ke shan wahala, jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ajiye su.

A gida kuwa, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, riɗi, zogale, miyar kuka, madara, amma nonon da ba a dafa ba a bar shi don garkuwar jikinsa a ƙasa take. Ya riƙa fita hantsi, in likita ya yarda ya ɗan tattaka a tsakar gida, a sa masa kujera a banɗaki saboda santsin tayil, jarka kuma yara su ɗauka.