Shin Dole Ne a Yafe wa Jarumin Labari a Babin Ƙarshe?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani saurayi da ya faɗa shaye-shaye, ya sace shanun noman baffansa ya sayar, aka ɗaure shi, ya fito ya tuba, kowa ya yafe masa. Waɗanda suka karanta sun ce ƙarshen bai gamsar da su ba. Ko kuskure ne in rufe labarin da yafiya?

Amsa: Malama, rufewa da yafiya ba laifi ba ne, sai dai ina ganin masu karatunki sun ji cewa jarumin ya samu yafiyar a araha. Gyaran kuma yana farawa tun daga babin farko, wato daga dalilin da ya sa ya fara shan ƙwaya. A karkarar Kano da Jigawa samari da yawa sun san ƙwayar tiramol ne ta hanyar ƙwadago, domin mai sha yana iya wuni yana huɗa ko yankan shinkafa bai ji gajiya ba, kuma ana samun ta a hannun masu tallar magani ranar kasuwa. Idan jaruminki ya fara da ƙwaya ɗaya don ya gama aikin gonar da aka biya shi, sannan jiki ya saba har ɗaya ta daina isarsa, mai karatu zai tausaya masa tun kafin ya yi satar. Ki kuma kula da zamanin labarin, domin a 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin, wanda ake sha don maye, da shigo da shi, bayan wani rahoton bincike na BBC.

Sai batun gidan yari, inda marubutanmu suka fi yin sakaci. Tun 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gidajen gyaran hali, amma sauyin suna bai mayar da kurkuku asibiti ba. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, saboda haka abin da ya fi kama da gaskiya shi ne saurayin ya daɗe yana jiran a kai shi kotu, mahaifiyarsa kuma tana sayar da 'yan awakinta don neman beli. Kwanakinsa na farko ba tare da ƙwaya ba za su zo da gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci, kuma mutumin da ke cikin wannan hali ba ya dogon tunani a kan zunubinsa. Nadama tana zuwa daga baya. Idan kina son magani ya shigo labarin, akwai asibitin masu taɓin hankali na Kazaure a Jigawa da na Dawanau a Kano.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne bambancin tuba da yafiya. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: barin laifin, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba, idan kuma akwai haƙƙin wani, sai an mayar masa ko ya yafe da kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan littafinki. Shanun noma su ne abincin gidan baffan na shekara, kuma rashinsu yana nufin ya yi damina yana aro ko haya, wataƙila har ya jinginar da gona. Zaman kurkukun da yaron ya yi bai dawo masa da sa ko ɗaya ba. Don haka idan mai gari da liman suka tara dangi, baffa ya ce "na yafe" saboda kunyar manya, maganar ba ta ƙare ba, nan ma ta fara. Ki bar mu mu ga ko zai amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ko zai bar shi ya shiga rumbu shi kaɗai, ko zai ba shi auren 'yarsa da aka taɓa yi masa alkawari. Ki ba baffan hujjarsa cikakkiya, kada ki mayar da shi mugu don kawai ya yi jinkirin yafewa.

Ina kuma ba ki shawara ki bar jarumin ya sake zamewa ko da sau ɗaya bayan fitowarsa. Komawa shaye-shaye abu ne da likitoci suka saba gani, kuma yana da haɗari na musamman, domin jikin da ya daɗe bai sha ba ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da. Abokan ƙwadagonsa suna nan, mai sayar da ƙwayar ma yana nan, damina kuma za ta sake zagayowa da aikinta.

Game da babin ƙarshe, ba sai kowa ya yafe a rana ɗaya ba. Mahaifiya tana iya yafewa tun yana tsare, ƙanwarsa ta biyo baya, baffa kuwa ya karɓi kuɗin bijimi ɗaya da yaron ya tara daga ci-rani, ya ƙirga, ya ce saura ɗaya.